Shawarwari Kan Waƙa a Cikin Sujada

Da aka zauna tattaunawa kan waƙa a ikkilisiya, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a kula da kalmomi. Mutum kan manta wa'azin Lahadi kafin Laraba, amma waƙar da zumuntar mata suka rera da tulu da ganga tana bin sa har gona, don haka dole ta dace da Nassi. An kawo Kolosiyawa 3:16, inda Bulus ya haɗa waƙa da koyarwa.

Dattawa sun koka cewa lasifika na danne muryar jama'a, kuma suna da gaskiya. Wasu kuma sun nemi a riƙa rera Zabura, domin cikin surorinta 150 akwai na kuka da makoki, ba na murna kaɗai ba.