Neman shawara: riba ta ragu bayan kamfaninmu ya bayyana kuɗin gyaran muhalli

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan hannun jari a wani kamfanin haƙar mai da ke kasuwar hannun jari ta Legas. Rahoton bana ya fito, riba ta yi ƙasa, can ƙarshen rahoton kuma suka ce sun ware maƙudan kuɗi don share malalar mai da rufe tsofaffin rijiyoyi. Kamfanin da aminina ya saya bai rubuta irin wannan ba, ribarsa ta fi tsoka. In sayar in koma can? Da rabon ribar nan nake biyan kuɗin makarantar yara.

Wata akanta: Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka yi gaggawa. Galibin kuɗin nan ba su fita daga asusu ba tukuna, tanadi ne da ƙa'idar lissafin kuɗin kamfanoni mai suna IAS 37 ta wajabta a rubuta da zarar nauyin ya hau wuyan kamfani. Na share malala ana cire shi daga ribar shekarar nan take, na rufe rijiya kuwa ana rarraba shi a tsawon shekarun da rijiyar za ta yi tana aiki. Buɗe shafin shige da ficen tsabar kuɗi. Idan abin da aiki ke shigowa da shi bai ragu ba, ka kwantar da hankalinka.

Tsohon ma'aikacin rijiya, Fatakwal: Malam, wanda ya yi shiru ni shi nake tsoro. Na taka ƙasar da mai ya malala, takalmi na nutsewa cikin baƙin taɓo, masunta sun jingine komarsu. Wannan bashi ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Malalar mai ta garin Bodo a jihar Ribas ta 2008 sai a 2015 Shell ta biya fam miliyan 55. Kamfanin mai na BP kuwa bayan bala'in malalar mai a Tekun Meziko a 2010 ya dakatar da rabon riba, ya kashe sama da dala biliyan 60.

Wani ɗan kasuwa: Ka fara tambayar aminin naka, kamfaninsa haƙa yake yi ko gidajen mai gare shi? Mai sayar da fetur ba shi da rijiyar rufewa, ba a gwada su da mudu ɗaya. In kuwa haƙa yake, dokar man fetur ta 2021 ta ɗora masa asusun rufe rijiyoyi, da kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa na bara ga al'ummar yankin.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan turo hoton shafin nan ki duba mini.