Digiri na biyu kan jagorancin koyarwa, ko yana da amfani?

MalaminLissafi:
Salam 'yan uwa. Na daɗe ina koyarwa, yanzu ina son yin mastas a ɓangaren shugabancin makaranta, amma na ga akwai na gudanarwa akwai kuma na jagorancin koyarwa. Wai meye bambancinsu ne? Kuma zan iya haɗawa da aiki?

TsohuwarHedimasta:
Wa'alaikumus salam Malam. Bambancin babba ne wallahi. Na gudanarwa ya fi karkata ga kasafin kuɗi da ma'aikata da dokoki, shi kuwa na koyarwa cikin aji yake, za a koya maka yadda za ka zauna bayan aji ka ga yadda malami ke jefa tambaya, su waye ke ɗaga hannu su waye suka yi tsit, bayan an tashi ku zauna ku biyu ka gyara masa ba tare da ka kunyata shi ba, ga duba manhaja da bin sakamakon jarrabawa a gano inda yara ke tuntuɓe. Za ka ci karo da tsarin masu binciken ilimi Hallinger da Murphy na 1985: fayyace manufar makaranta, kula da shirin koyarwa, da gina yanayin koyo mai kyau.

Dalibi_Mastas:
Ana haɗawa da aiki, akwai na fat-taim. Amma rubuta tesis, wato kundin binciken kammala digiri, sai ka ɗaure.

MalamarTuranci:
Ni dai shawarata Malam, ka tambaya ko kwas ɗin na da aikin gwaji a makaranta ƙarƙashin gogaggen shugaba. In lacca ce zalla, nemi wani.

MalaminLissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Hedimasta, wane batu kike ganin ya dace da tesis?