Taƙaitawa: sauya faifan tayar da sabar ajiya idan ya lalace

Na tattara abin da jama'a suka faɗa a kan wannan tambaya: me za ka yi in faifan tayarwa, wato wanda ke ɗauke da tsarin da ke tayar da sabar ajiya (kwamfutar da ake adana fayiloli a cikinta), ya lalace? Yawancin amsoshin a kan TrueNAS ne, wani tsari da ake girkawa a irin wannan sabar.

1. Kowa ya yarda cewa bayananka ba sa kan faifan tayarwa, suna kan faifan bayanai mai ZFS, wato tsarin adana fayiloli da TrueNAS ke amfani da shi. Kada hankalinka ya tashi.

2. Kafin komai, a duba kebul da rahoton SMART, wato bayanin da faifai ke bayarwa kan lafiyarsa. Wani lokaci kebul ne ya yi sako-sako.

3. In sabar tana tashi ko da da kyar, maza ka sauke fayil ɗin saituna tare da makullan sirri. Nan aka fi nanatawa, domin in ka kulle bayananka kuma makullin ya ɓace, ba mai buɗe maka su.

4. Cire faifan bayanai kafin ka girka tsarin a sabon faifai, kada hannu ya kuskure ya goge wanda ba shi ba. Girka sigar TrueNAS ɗaya da ta da ko sabuwa, ɗora saitunan, mayar da faifan bayanai.

Inda aka rabu: wasu na ganin filas ya isa a matsayin faifan tayarwa, mafi yawa sun ce yawan rubutu na kashe shi, a sa ƙaramin SSD, wato faifai marar juyi da ya fi filas jure rubutu. Ni ma nan na tsaya. Batun haɗa faifan tayarwa biyu masu kwafin juna kuwa, wasu sun ce ba dole ba ne, ajiye kwafin saituna a wata kwamfuta ya wadatar.