Wankan Bayi: musayar waƙa daga zangon Kumasi

Kawu na Aboabo:
Jama'ar zango, ga laifina,
yau ni zan kai ƙarar kaina.
Yaro ya zo neman 'yata,
mai salla, mai sana'a, ya zauna.
Da aka ce min Bagurunshe ne, ɗan ƙabilar Gurunsawa,
sai wani abu ya tokare ƙirjina.
"Jikan bayi," haka Inna kan ce,
ta rasu, muryar na kunnena.
Na ce masa sai na yi shawara,
wata uku ke nan, shiru a bakina.

Hajiya ta Asawase:
Kawu, ka taɓa taka Salaga, tsohuwar kasuwar bayi?
Ni na je, na ga Wankan Bayi.
Nan a da ake cuɗa su kafin kasuwa,
a shafe su da man kaɗe su yi ƙyalli.
Fatakenmu na Gwanja sun sayi goro,
sun kuma sayi mutum da kuɗin wuri.
Babatu, mayaƙin Zabarmawa, ya kamo Gurunsawa
da doki da bindiga da mashi.
Wanda aka ɗaure ne abin kunya,
ko mai igiyar? Kawu, ka faɗi.

Autan Sabon Zango:
Kawu, gafara, yaro zai tsoma baki.
Ran nan a kasuwar Kejetiya wani ya ce maka "pepeni", sunan raini ga ɗan arewa,
ka dawo gida kana huci,
har tuwon dare ka ƙi ci.
Kuma sojan Hausa na Bature Gulobar
da suka shigo garin nan a 1874,
da yawansu bayi ne da suka tsere,
suka ɗau bindiga don su tsira.
A wannan shekarar Bature ya hana bauta a gaɓar teku.
Wa ya san kakan wa ke cikinsu?

Kawu na Aboabo:
Auta, bakinka ya fi ka girma,
amma ka taɓo inda ke ciwona.
Yaƙin Salaga na 1892
shi ya koro kakanni zuwa nan, na san wannan.
Sai dai Inna, mai faɗar asalin kowa,
ba ta taɓa faɗa mana garin uwarta ba.
In mun tambaya, sai ta tashi hura wuta.
Lambar yaron na cikin wayata,
sau biyu na danna, na kashe da hannuna.

Hajiya ta Asawase:
Danna na uku, Kawu.
Goron sa rana ni zan kawo.