Dan Allah iyaye mata ku ba ni shawara, yarona ya ƙi karatu a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi abin nan ya ishe ni ne shi ya sa na kawo muku. Yarona shekararsa 8, yana aji uku na firamare, malamarsu ta ce kansa na ja, amma a gida ko littafi ka miƙa masa sai ya fara hamma yana sosa ƙeya wai fitsari yake ji.

Ya dawo boko ƙarfe 2, ya ci abinci, la'asar ya tafi islamiyya sai dab da magariba, to da daddare kuma ga gajiya ga rashin wuta, da fitilar waya muke haskawa, ita wayar kuma da ya gan ta shikenan sai katun. Har Sabon Gari na je na sayo masa littattafai masu hotuna guda 3, hotunan kawai ya kalla, ƙanwarsa ta yage bangon ɗaya.

Abin mamaki in kakarsa na tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko motsi ba ya yi. Babansa ya ce bulala ce maganinsa, ni dai ban yarda ba.

Alhamis da Juma'a ba islamiyya, in mayar da karatun can ne? Kuma da Hausa zan fara masa ko Turanci?