Neman shawara: ina so in fara fesa wa ƙananan jiragena fenti, da me zan fara?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar haɗa ƙananan jirage da motoci na roba. Wata shida ke nan da na fara. Yayana ne ya zo mini da kwali biyu na kamfanin Airfix tsaraba daga Ingila, duka Spitfire ne, wani jirgin yaƙin Ingila, ma'aunin 1/72, wato an rage girman jirgin sau 72. Na farkon na haɗa shi na shafa masa fenti da buroshi. In ka hango shi daga nesa ba laifi, amma kana matsowa sai ka ga sawun buroshi kamar an ja tsintsiya a kan yashi, 'yan layukan jikin fiffike kuwa duk fenti ya cike su. Na biyun yana nan cikin kwalinsa, tsoron ɓata shi nake yi.

Ina ganin masu amfani da ɗan abin feshin nan mai kama da alƙalami, wanda ake ce wa eyaburosh. Na duba shagunan intanet, kaina ya ɗaure: wannan kofinsa a sama, wancan kwalba a ƙasa, wani 0.2, wani 0.5, kuɗin ɗaya ya ninka na ɗaya sau goma. Ɗalibi ne ni a Kano, abin hannuna ba shi da yawa, kuma ɗaki ɗaya muke kwana da ƙanina. Wanne zan saya? Dole ne sai da kwamfuresa, injin nan mai ba da iska? Wane fenti ake zubawa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Barka da shigowa. Bari in fara da abin da ba ka sa a gaba ba: mafi yawan kuɗinka a kan iska za ka kashe su, ba a kan alƙalamin ba. Alƙalami mai araha da iska tsayayya yana aiki. Mai tsada da iskar da take zuwa tana yankewa ba abin da zai ba ka sai ɓacin rai.

Nemi ƙaramar kwamfuresa mai tanki, mai geji da abin daidaita ƙarfin iska, da ɗan gilashin nan mai tare ruwa. Akwai wadda ake kira AS-186, kamfanoni da yawa suna sayar da ita da sunaye daban-daban amma ciki ɗaya ne. Tankinta lita 3, in ya cika ta kashe kanta, in iska ta ragu ta tashi. 'Yar'uwarta AS-18 ba ta da tanki, muddin kana feshi tana ta aiki, ta yi zafi, iskar kuma tana ɗan bugawa. Lura da kyau ka ɗauki mai cin wuta 220 zuwa 240. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka 110 ce, kana jona ta a soket ɗinmu ta tafi.

Shi kuwa alƙalamin, ɗauki mai kofi a sama. Fenti da kansa yake gangarowa, ba ya buƙatar iska mai ƙarfi, ɗigo biyar ma ya isa ka yi aiki, wankinsa da sauƙi. Mai kwalba a ƙasa na masu fesa abu mai faɗi ne. Jirginka tsawonsa bai wuce santimita 13 ba, fentin da zai maƙale a bututun kwalbar kaɗai ya isa ya rufe shi. Sannan ya zama mai kunama mai aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya fito, iya jan ka iya yawan fentin. Faɗin bakinsa milimita 0.3 ko 0.35. Kada 0.2 ya ruɗe ka don an ce yana zana siririn layi, saurin toshewa gare shi, ga allurarsa ba ta jure ko ɗan gogawa. Iwata Eclipse na Japan 0.35 ne, Badger Patriot 105 na Amurka 0.5, akwai kuma Harder & Steenbeck na Jamus. Duka nagari ne, amma ni a matsayinka da marar suna zan fara, don allurar farko sai ka lanƙwasa ta, kowa ya lanƙwasa tasa.

Oga Mai Fentin Mota:
Yaro, duk wannan dogon lissafi na mene ne? Ka samu tsohuwar tayar mota ka kai wa mai faci ya cika maka, ka haɗa tiyo, shi ke nan ka samu iska. Fenti da tina kuwa ka zo gareji in ɗiba maka a kwalba kyauta. Shekara ashirin ina feshi, feshi ai feshi ne.

Tsohon Hannu:
Oga, a gafarce ni, hannunka a kan ƙarfe babu mai ja da shi, amma wannan roba ce. Tinar gareji narkar da irin wannan robar take yi. In ta zauna a jiki da yawa sai ka ga fuskar ta yamutse kamar fatar tsohuwa, kuma ba ta gyaruwa. Fentin mota kuma ya yi wa jirgi mai wannan ƙanƙanta kauri. Dabarar taya gaskiya ce, an daɗe ana yi, sai dai ƙarfin iskar yana sauka tun kana tsakiyar fiffike, ga jigilar taya zuwa wurin mai faci kullum.

Oga Mai Fentin Mota:
To na ji, robar taku ba ta da ƙwari. Amma abu ɗaya ba za ka musa mini ba: ya ce ɗaki ɗaya suke kwana da ƙaninsa. Kada ya kuskura ya yi feshi a ɗakin nan ƙofa a rufe. Na ga abin da fenti yake yi wa ƙirjin mutum. Takunkumin asibiti ba ya tare warin tina, sai mai gwangwani biyu a gefe irin namu.

Malamar Kek:
Ni ba jirgi nake haɗawa ba, kek nake yi wa ado da irin wannan alƙalami, amma dai kayan ɗaya ne. Ina da ƙaramin nan mai batir da ake caji da wayar USB, injin yana manne a ƙasan alƙalamin. Ranar da babu wuta shi ne gatana. Aibinsa yana da nauyi a hannu kuma ba ka da iko sosai a kan ƙarfin iskar. In kuɗin mai tanki ba su haɗu ba, zai koya maka hannu. Gwangwanin iska da ake sayarwa kada ma ka kalle shi, yana yin sanyi ƙarfinsa ya faɗi, kafin ka gama koyo ka kashe kuɗin kwamfuresa a kansa.

Kuma don Allah kada wata a gida ta ara ta fesa wa abinci kala. Alƙalamin da ya sha fenti ya sha ke nan.

Mai Tankokin Yaƙi:
An yi maganar ƙarfe, ba a yi maganar abin da yake kayar da kowa ba, wato sirka fenti. Kashi mafi yawa na "alƙalamina ya lalace" da nake ji, fenti ne ya yi kauri.

Tunda a gida kake, fara da nau'in fentin da ake kira akirilik. Tamiya na Japan ya fi yi wa sabon hannu haƙuri. Masu lamba XF ba sa sheƙi, masu X suna sheƙi, abin sirkinsu X-20A. Spitfire na shekarar 1940 samansa kore ne da ruwan ƙasa, ƙasansa wani fari-fari mai ɗan kore: XF-81, XF-52 da XF-21 za su fitar da kai. Ka fara da ɗigo ɗaya na fenti, ɗigo ɗaya na abin sirki, ka ƙara sirki har ya zama kamar madarar da aka tatso yanzu. In ya yi kamar kindirmo ba zai fita ba, in ya yi kamar ruwan shayi zai tsiyaye. A wani ɗan murfi za ka haɗa, ba cikin kofin alƙalami ba, ka ja shi da tsinke a jikin murfin: ya gangaro ya bar ɗan launi a bayansa, to ya yi.

Akwai Vallejo na Sifen, jerinsu na Model Air an riga an sirka shi, kuma kusan ba shi da wari. Amma kada ka zuba masa barasar goge ciwo ta kemis, dunƙulewa yake kamar an matsa wa madara lemun tsami, sai ka kwance alƙalami gaba ɗaya. Tamiya kuwa yana karɓar barasar, sai dai tana sa shi saurin bushewa, a garinku kuma ba abin da kake so ke nan ba. Mr. Color ya fi su duka kwanciya, amma warinsa sai da takunkumin da Oga ya faɗa, ga shi masu aiko da kaya ta jirgin sama sukan ƙi ɗaukar irinsa da fentin gwangwani saboda suna kama wuta. Ka tambayi mai shago kafin ka biya.

Geji ka sa shi tsakanin 15 da 20 psi (ma'aunin ƙarfin iska), ka duba shi lokacin da kake danna kunama, ba lokacin da take sake ba. Tazara kamar faɗin yatsu huɗu. Iska ce farko, ita ce ƙarshe: danna, ja baya, mayar gaba, sannan ka saki. Hannu yana tafiya kafin fenti ya fito. Shafi uku marasa kauri, kana jira tsakaninsu. Shafin farko zai yi maka kamar ba ka yi komai ba, kada zuciya ta ɗebe ka ka ƙara.

Kuma kada ka taɓa kwali na biyun nan tukuna. Sayi cokulan roba na biki leda guda, ka fesa su har ka gaji. Bayan su ka koma kan tsohon jirgin da ka ce ya ɓaci, ai ya samu aiki.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na dawo bayan mako biyar. Na samu mai tanki da alƙalami 0.3 marar suna, da Tamiya kala uku. A barandar bayan gida nake yi, Oga, na ji maganarka. Matsalata biyu. Fentin yana sauka a kan cokali da gari-gari, in na shafa kamar takardar goge katako. Sannan bayan minti biyu sai ya daina fita, in na ja kunama sosai ya tofo gaba ɗaya. Jiya ma kumfa na gani tana tasowa a kofi. Ko jabu aka sayar mini?

Mai Tankokin Yaƙi:
Ba jabu ba ne, hunturu ne. Iskar Kano a wannan lokaci ba ta da laima ko kaɗan, fentin yana bushewa a hanya kafin ya isa jikin cokali, abin da yake sauka ƙura ce mai launi. Masu bidiyon da kake kallo yawancinsu a ƙasashe masu sanyi da laima suke, lissafinsu ba zai zauna maka daidai ba. Matso kusa, rage iska zuwa wajen 15, ƙara sirki ya kai biyu bisa ɗaya, wato sirki biyu fenti ɗaya. In za ka samu ruwan jinkirta bushewa na Tamiya, ɗigo ɗaya a kofi ya isa, kada ka wuce, in ya yi yawa sai ka kwana kana jira. Yi aikinka bayan asuba ko da dare, ba da rana tsaka ba.

Tsayawar da yake yi, fenti ne ya bushe a kan tsinin allura. Ajiye audugar goge kunne da ka jiƙa da abin sirki, kowane minti ɗaya ko biyu ka share tsinin a hankali.

Tsohon Hannu:
Kumfa a kofi kuwa iska ce take komawa baya: ko nozul, wato ɗan bakin da tsinin allura yake shiga, ya toshe, ko bai ɗauru ba, ko ya tsage. Kwance shi ka jiƙa a abin sirki, ka mayar. In mai zare ne, da ɗan sifanan da ya zo da shi za ka ɗaure, yana tsayawa ka tsaya. Na taɓa ƙara masa "ɗan kaɗan" ya karye a ciki, sai da na yi wata biyu ina jiran wani. In kana mayar da allura, tura ta da yatsa har ta taɓa, kada ka danna, ita take faɗaɗa bakin.

Wanki kuma ba a ɗaga shi zuwa gobe. Kana gamawa ka zubar da ragowar, ka goge kofi, ka fesa abin sirki har ya fito fari, ka zare allura ka goge. Minti biyar ne. Kada ka jiƙa alƙalamin gaba ɗaya cikin tina, akwai 'yan zobban roba a wurin iska da take cinyewa.

Ajiye wannan sai damina: lokacin matsalarka za ta juye, ruwa ne zai taru a tanki da tiyo ya tofo maka a kan fenti. Akwai ɗan noti a ƙasan tankin, ka riƙa kwance shi kana tsiyaye ruwan.

Oga Mai Fentin Mota:
Ga wadda ba sa faɗa a bidiyo. Kafin ka fara, yayyafa ruwa a ƙasan barandar kamar za ka yi shara, ƙura ta kwanta. Haka muke yi a gareji. Kana gama feshi ka kife roba mai tsabta a kan jirgin. Kuma ka wanke shi da ruwan sabulu ya bushe kafin fenti, maiƙon hannunka kaɗai ya isa ya hana shi kamawa.

Sabon Shiga:
Na gwada yau bayan asuba, biyu bisa ɗaya, geji a 15, na yayyafa ruwa. Cokali huɗu sun fito sumul, na biyar na tsaya wuri ɗaya fenti ya bazu kamar ƙafafun gizo-gizo. Kumfar ma ta daina, ashe nozul ne bai ɗauru ba. Tsohon jirgin zan fesa ranar Asabar. Gilashin matuƙin fa, da me zan rufe shi? Salatef na gida zai yi?

Mai Tankokin Yaƙi:
A'a, zai bar maka danƙo, ya kuma ɗago fenti. Nemi tef na takarda mai ruwan ɗorawa, irin na Tamiya, ka yanka ƙanana da sabuwar reza. In na masu fentin gini ka samu, manna shi a bayan hannunka sau biyu tukuna ƙarfinsa ya ragu. Fara da ƙasan jirgin, kalar da ta fi haske, ka bar ta ta kwana kafin ka manna mata tef. Turo mana hoto ranar Asabar ɗin.