Muhawara: Shin Garayar Turawa Za Ta Jure Hunturun Kano?

Malam Habibu: Jama'a, ga matsayina: duk jami'ar da ta buɗe kwas ɗin haf, wato garayar Turawa, a garin nan, asarar kuɗi za ta yi. Babbar haf tsirkiya 47 gare ta, kuma jan da suke yi wa allon ƙirjinta ya kai wajen kilo 900. Allon nan kuwa siririn katako ne, yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60. A Kano daga Disamba zuwa Fabrairu danshi kan sauka ƙasa da kashi 20. Katako ya tsuke, gam ya saki, allo ya tsage. Idan ya tsage, ba aikin kafinta ba ne.

Hajiya Rabi: Malam, lissafinka daidai, hukuncinka ne ban yarda da shi ba. Ɗaki ake tanada, ba gari ba. Ɗaki ɗaya mara taga ta gabas, a toshe ƙasan ƙofa, a sa na'urar ƙara danshi da ma'auninsa a bango, a duba safe da yamma. A nisanta haf ɗin da bakin esi da hasken rana, a rufe ta da rigarta in an tashi.

Malam Habibu: In aka ɗauke wuta kwana biyu fa, Hajiya?

Hajiya Rabi: Na'urar ba ta da cin wuta, ƙaramar sola da batir sun riƙe ta. Abin da ya fi ba ni tsoro ƙura ce. Feda 7 ne a gindin haf, 3 a hagu 4 a dama, kowanne matsayi 3. Sandunansu ta cikin ginshiƙi suke hawa har wuya, inda ƙananan faifai masu haƙora biyu ke matse tsirkiya su canza mata murya. Ƙura ta shige nan, sai ka ji zizza, sauti ya kauce. Saita wannan sai ƙwararre, kuma ƙyallen da ke naɗe da fedojin yana son canji kusan duk shekara.

Auwalu: Iyayena, ku gafarce ni. Me ya sa dole sai mai feda? Ɗan aji ɗaya ya fara da ƙaramar mai tsirkiya 34, wadda ake canza mata murya da 'yan maɗaukai a wuya. Ba sanduna, nauyinta bai kai rabin babbar ba, kuma tsirkiyar nailan ta fi ta hanji haƙuri da sauyin yanayi. Ta hanji damina ce ma ke cinye ta: ta sha danshi, ta yi gashi, ta tsinke.

Malama Zainab: Ƙanena, ka kawo mafita amma rabi. Waƙoƙin da ake jarraba ɗan digiri da su, yawancinsu an rubuta su ne domin mai fedar da Sébastien Érard, Bafaranshe mai ƙera kayan kiɗa, ya kammala a 1810. Hannu biyu na aiki, ƙafa na canza murya a tsakiyar kiɗa. A ƙaramar, sai ka ɗauke hannun hagu ka ɗaga maɗauki. Shekara biyu za ta kai shi, daga nan ta tsaya.

Auwalu: To Yaya, shekara biyun ai ba banza ba. A nan zai koyi yatsu takwas, tunda ba a sa ƙaramin yatsa, ya saba da cewa jar tsirkiya ita ce muryar "do", baƙa ita ce muryar "fa", ya yanke farce, bororon yatsa ya zama kanta. Mai gurmi ma sai ya sake hannu, domin a haf ba a danne tsirkiya a jikin sanda.

Malam Habibu: Ni da za a ji tawa, da kora, garayar mutanen Mali da Gambiya, aka fara. Tsirkiya 21, ƙwarya da fatar saniya, igiyar kamun kifi ce tsirkiyarta. In fata ta yage, masu jima suna Majema.

Malama Zainab: Kora fanni ne mai zaman kansa, Malam, a ba ta kwas ɗinta. Amma da yatsu huɗu ake kaɗa ta, manya biyu da manuniya biyu, ba za ta gina hannun mai haf ba. Hajiya, ɗakin nan da kika ce, haf nawa zai ɗauka? Kowane ɗalibi yana bukatar aƙalla awa uku a rana a kanta.

Hajiya Rabi: Biyu za su zauna, amma ba a kaɗa su lokaci guda. Daga takwas na safe zuwa magariba, in an cire lokutan salla, ɗalibi uku ke nan a ɗaki.